Ɗaki ɗaya, baƙi biyu: yadda mai ƙaramin masauki zai hana karo idan yana kan shafuka da yawa

Wata Alhamis ce bayan Ƙaramar Sallah, lokacin da ɗaurin aure ke yawa a Katsina. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wata Hajiya ta shigo masaukinmu da yara biyu, ƙaramin yana barci a kafaɗarta, direba na biye da akwati. Daga Kaduna suka taso. Ta ɗora wayarta a kan kanta, wato teburin karɓar baƙi, ta nuna wa yaronmu na dare saƙon da wani shafin kama ɗaki ya turo mata: ɗaki mai gado biyu, kwana biyu, an tabbatar. Ɗakin da take nufi, lamba shida, a lokacin akwai dattawa biyu a ciki, 'yan ɗaurin aure daga Maraɗi, har sun yi shafa'i da wutiri sun kwanta. Kawuna ne ya yi musu alkawarinsa ta waya tun ranar Talata. Ya gaya wa mai aikin rana da baki, mai aikin rana ya ce to, ba wanda ya rubuta, balle a rufe ɗakin a intanet.

Aka taso ni daga gida. Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, laifinmu ne.” Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, “Malam, ni ba faɗa na zo yi ba. Ka gaya mini inda yaran nan za su kwana.” Sai sha biyu da rabi muka samo mata ɗaki wajen Ƙofar Ƙaura, na biya cikon kuɗin, na raka su da kaina. Har yau in na tuna da takalmin yaron nan da ya suɓuce a bakin ƙofarmu, yayarsa ta duƙa ta ɗauka ido cike da barci, kunya nake ji.

Ɗakuna tara gare mu, kuma muna kan shafuka fiye da ɗaya. Abin da na fahimta tun daga daren nan shi ne, yawancin karon da ake yi a ƙananan masaukai irin namu daga baki yake fitowa: alkawarin waya, saƙon WhatsApp, “ajiye mini” na ɗan'uwa. Shafin intanet yana sayar da abin da ka bar masa a buɗe ne kawai. Saboda haka matakan da ke ƙasa sun fara da gyaran cikin gida, daga baya a zo kan na'ura.

Fara da ƙirga ƙofofin da ake shigo maka

Ɗauki takarda ka rubuta duk hanyar da ɗaki ke iya fita daga hannunka. Booking.com ƙofa ce, Airbnb ƙofa ce, Hotels.ng na nan gida ƙofa ce. Haka lambar wayar da ke jikin allon ƙofar gida, da WhatsApp, da saƙon Facebook ko Instagram, da lambar da ke kan taswirar Google, da wanda ya shigo da ƙafarsa. Kada ka manta da ƙofofin da ba su da allo: direban da ke kawo maka baƙi daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ma'aikacin ofishin da ke kira duk lokacin da suke da taro, da kowane babba a gidanku wanda in ya ce a ba wane ɗaki ba a iya musa masa. Mu da muka ƙirga mun samu goma sha ɗaya, uku ne kawai na intanet.

A gaban kowace ƙofa rubuta sunan wanda ke amsa ta. In ka ga ƙofar da mutum biyu ke amsawa, ko wadda ba ta da mai ita, to ka gano inda ɗakinka ke yoyo.

Sai ɗakunan kansu

Kowane ɗaki ya zama suna ɗaya gare shi a ko'ina: a jikin ƙofa, a jikin makulli, a littafi, a kowane shafi. Mu da can ɗaki ɗaya yana amsa sunaye uku. Yara na kiransa “na ƙurya”, littafi ya ce lamba shida, a intanet kuma an sa masa wani sunan Turanci mai daɗin ji. Yaron da ya ga wancan sunan a waya bai san ɗakin ƙurya ake nufi ba. Sa lamba, ka liƙa takarda a gefen kanta mai nuna kowace lamba da sunan da take amsawa a kowane shafi.

Shafukan ma ba iri ɗaya suke ƙirga ba. A Airbnb yawanci kowane ɗaki tallarsa daban, kalandarsa daban. A Booking.com nau'in ɗaki kake sakawa, sannan ka faɗi guda nawa ne na sayarwa a kowane dare. In kana da ɗakuna huɗu iri ɗaya, aka kama ɗaya ta waya, aikinka ne ka shiga ka mayar da huɗun nan uku a wannan daren. Ɗakin da famfonsa ya lalace ko na'urar sanyaya ɗakinsa ta tsaya, cire shi daga lissafi tun ranar da ya lalace, kada ka bar shi a buɗe da fatan mai gyara zai zo kafin baƙo.

Uwar littafi

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe. Dole a samu wuri guda wanda maganarsa ce yankakkiya. Mu muna ce masa uwar littafi. Duk abin da ba ya cikinsa ba a yi shi ba, ko da waye ya faɗa.

Littafin takarda ya isa, in mutum ɗaya ne ke zaune a kanta kullum. In kuwa kai mai masauki kana kasuwa ko ofis, waya na iske ka a can, to ka buɗe jadawali a Google Sheets, wanda kyauta ne, kuma duk wanda ka ba izini yana ganin canji a wayarsa nan take. Ko wanne ka zaɓa, tsarin ɗaya ne: lambobin ɗakuna a jere daga sama zuwa ƙasa, kwanakin wata daga hagu zuwa dama, kowane gida ɗaya dare ɗaya ne. Baƙon da zai shigo 10 ga wata ya fita 13, gidaje uku za ka cike masa, 10 da 11 da 12. Gidan 13 na wani ne. Wannan ƙaramar magana ta sa mutane da yawa sun rufe daren da ya kamata su sayar, wasu kuma sun buɗe wanda ya kamata su rufe.

A cikin gidan rubuta sunan baƙo, da lambar wayarsa, da ƙofar da ya biyo, da abin da ya biya, da sunan ma'aikacin da ya karɓa. Mu a takarda fensir ne ga wanda bai biya komai ba, biro ga wanda ya tabbata. A jadawalin waya launi biyu ke yin wannan aikin.

Kada ka riƙe littafi biyu masu iko ɗaya. In jadawalin waya ne uwa, na takarda ya zama kwafi da ake cikewa daga gare shi kowace safiya saboda ranar da netwok zai ƙi. In ka bar yaron rana na rubutu a takarda, kai kana rubutu a waya, ranar da suka saɓa ba ka da alƙali.

Sannan a kowane lokaci mutum ɗaya ne mai ikon cewa “an ba ka”. Kowa na iya amsa waya, kowa na iya faɗin farashi, amma tabbatarwa ta mai riƙe da littafi ce. Wannan dokar ta fi kowace wuyar kafawa, domin a kan manya take fara aiki. Na je har gida na samu Kawu bayan la'asar, na zauna a ƙasa na ce, “Kawu, ba hana ka bayarwa nake ba. Duk wanda ka ce a ba, za a ba shi in akwai. Roƙona ka riƙa cewa mutum ya dakata minti biyar ka tambayi yara.” Ya yi shiru, sannan ya ce ai shi ma labarin matar nan ya hana shi barci. Tun daga ranar yakan kira ya ce, “Duba mini littafin naku.”

Tsarin amsa: duba, rufe, rubuta, sannan ka ce to

Idan waya ta shigo ana neman ɗaki, abin da baki ya saba shi ne “akwai, sai kun zo”. Sauya wannan. Ka ce wa mai kira ya ba ka minti biyar. Duba uwar littafi. Buɗe manhajar kowane shafi ka tabbata ba a kama ɗakin ba a cikin sa'ar da ta wuce. Rufe daren a duk shafukan. Rubuta a littafi. Sai ka kira shi ka ce an ba shi, ka bi da saƙon rubutu.

Dalilin sa rufewa kafin amsawa shi ne, a Booking.com yawanci baƙo na latsawa ɗaki ya zama nasa, ba a jiran yardarka. Wani na iya kasancewa a Legas ko Landan yana duban ɗakin nan a daidai minti ɗin da kake gaisawa da mai kira. In ka amsa da baki ka ce za ka rufe bayan Magariba, ka bar ɗakin da masu shi biyu na tsawon awanni.

Idan ta intanet kamun ya zo, tsarin ya juya: da ka ji ƙarar saƙo, rufe sauran shafukan, sannan ka rubuta. Sauke manhajar Pulse ta Booking.com da ta Airbnb a wayar masauki, ka kunna ƙarar sanarwarsu, ka cire su daga cikin manhajojin da waya ke kashewa don tattalin caji. Wayar ta zama ta masauki, tana kwana a kanta, da cajarta da ƙaramin batirin ajiya, da layi biyu na kamfanoni daban-daban. Kada sanarwa ta riƙa zuwa wayar ɗanka da ya buɗe maka shafin shekara biyu da suka wuce, yanzu yana makaranta a Zariya.

“Ajiye mini” da kafin alƙalami

Rabin rigimar masauki a ƙasar nan a kan kalmar “ajiye mini” take. Mutum ya ce a ajiye masa, kai ka ɗauka tambaya ce, shi ya ɗauka ciniki ya faɗa. Ko kuma ka ajiye da gaske, ya ƙi zuwa, ka kwana da ɗaki a rufe alhali ka mayar da mutum uku.

Sa wa ajiya wa'adi, ka faɗe shi a rubuce. Mu saƙonmu ga shi: “Mun ajiye maka ɗaki lamba huɗu, shiga Laraba 10 ga wata, fita Asabar 13 ga wata, kwana uku. In kafin alƙalami bai shigo ba zuwa ƙarfe shida na yamman yau, ajiyar ta tashi.” Muddin wa'adin bai cika ba, ɗakin a rufe yake a intanet kamar wanda aka biya. Da ya cika, a goge fensir, a buɗe shafuka, a tura wa mutumin saƙo cewa ajiya ta tashi. Wannan saƙon na ƙarshe shi ake yawan mantawa, kuma shi ne ke hana mutum ya iso da dare yana cewa ai an ajiye masa.

Kuɗi kuwa, hoton tiransfa ba kuɗi ba ne. Sai ka gani a asusunka ko a na'urar POS ɗinka sannan fensir ya koma biro. Kafin alƙalamin nan na masu kira da masu WhatsApp ne. Wanda ya biyo ta shafi, bi ƙa'idar biyan kuɗin da ka amince da ita a shafin. Airbnb shi ke karɓar kuɗi daga baƙo, kuma ya hana a nemi baƙo ya biya ta bayan fage.

Daren Juma'a wane dare ne?

Wannan ba za ka same shi a bayanin da shafukan ke bayarwa ba, don matsalarmu ce ta gida. A lissafinmu dare ke gaba da rana. In dattijo ya ce maka “daren Juma'a”, mai yiwuwa daren da za a wayi gari Juma'a yake nufi, wato ya shigo ranar Alhamis. A kalandar intanet kuwa, gidan Juma'a na wanda zai shigo ranar Juma'a ne ya fita Asabar. Tunda ɗaurin aure da yawa bayan sallar Juma'a ko ranar Asabar ake yi, kuskuren kan faɗo ne a daren da ɗaki ya fi tsada.

Hana ma'aikatanka karɓar “daren kaza”. Tambaya biyu za su yi: wace rana za ka shigo, wace rana za ka fita? Su maimaita wa mai kira da sunan rana da kwanan wata. A rubuta wata da sunansa, domin 05/06 a wajenmu 5 ga Yuni ne, a wajen wanda wayarsa ke kan tsarin Amurka kuwa 6 ga Mayu ne. Akwai kuma matafiyin da ya tsaya a hanya ƙarfe ɗaya na dare ya kama ɗakin “yau” a waya. Kalanda ta riga ta juya, abin da ya kama na dare mai zuwa ne, shi kuwa yanzu yake son kwanciya. Duk kamun da ya shigo tsakanin sha biyun dare da asuba, a kira mai shi a tambaye shi yaushe zai iso.

Haɗa kalandar shafukan

Yanzu a zo kan na'ura. Airbnb da Booking.com duk suna da hanyar musayar kalanda da ake kira iCal, kuma ba a biyan ko kwabo. Kowane shafi yana ba ka wani dogon adireshi na kalandar ɗakinka. Ka kwafo na Airbnb, ka shiga Extranet na Booking.com, wato shafin da mai masauki ke kula da ɗakunansa, wajen haɗa kalanda ka liƙa shi. Sannan ka kwafo na Booking.com ka kai Airbnb. Sai an yi ta ɓangare biyu. Wanda ya yi ɗaya ya bari, shafi ɗaya na jin ɗan'uwansa, ɗayan kurma ne. Aikin ya fi sauƙi a kwamfuta fiye da waya.

Ɗaki-ɗaki ake yi, kuma a nan lambobin da ka sa tun farko za su yi maka rana, don liƙa adireshin lamba uku a gurbin lamba biyar ya fi rashin haɗawar muni. Shafi biyu, liƙi biyu ga kowane ɗaki. Shafi uku, liƙi shida. Ɗakuna huɗu a shafi uku sun zama liƙi 24, saboda haka rubuta kowanne a takarda kana yi kana sa alama.

Bayan ka gama, gwada. Zaɓi wani dare can gaba da wata uku, rufe shi a shafi ɗaya, ka duba agogo, ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya bayyana a ɗayan. Sake gwadawa ta ɗaya ɓangaren. Abin da za ka gani shi ne iCal ba nan take yake aiki ba. Shafukan kan leƙa kalandar juna ne lokaci-lokaci, wani sa'in sai bayan awanni, ko da yake akwai maɓallin da za ka latsa su sabunta a take. A ranar da ba kowa, wannan jinkirin ba komai ba ne. A makon Sallah ya isa a sayar da ɗaki sau biyu. Ban da haka, ranakun da aka rufe kawai iCal ke ɗauka, ba ya ɗaukar farashi. Kuma an yi shi ne don ɗakin da yake tilo: ba ya iya mayar da huɗu uku, shi ya sa Booking.com ke ba da shi ga nau'in ɗakin da guda ɗaya ne a cikinsa. Ni a wajena iCal mai gadi ne na biyu. Ko an haɗa, hannu ya ci gaba da rufewa.

Kada ka baza komai a ko'ina

Hanyar da ta fi kowace kwanciyar hankali ga mai ɗakuna kaɗan ita ce rabo. Cikin taranmu, uku ne a Booking.com, biyu a Airbnb, sauran na waya da masu shigowa da ƙafa. Ɗakin da ke shafi ɗaya tak ba zai yi karo da wani shafin ba. Gaskiya ne wani lokaci shafi zai nuna ka cika alhali kana da ɗaki, ka rasa ciniki. In ka ga haka sai ka ƙara masa ɗaya da hannunka na wannan daren. Na gwammace wannan asarar da in sake tsayawa gaban mace da yara da tsakar dare. Kwaɗayin a ce kowane ɗaki na kowane shafi shi ne mabuɗin wahalar.

A cikin na gida, wato waɗanda ba sa kan intanet, ɗaya ba ma sayar da shi sai bayan Isha'i. Shi ne ɗakin ko-ta-kwana: na kuskure, na famfon da ya fashe, na baƙon da ya ƙara kwana.

A Airbnb kana iya kashe kamun nan-take, sai baƙo ya turo buƙata, kana da sa'o'i 24 ka amsa ko ka ƙi. In ba ka da mai zama kan waya dare da rana, kashe shi. Akwai kuma wurin da za ka sa a daina karɓar kamun rana ɗaya bayan wani lokaci da ka zaɓa. Yi amfani da shi, ka daidaita shi da lokacin da mai riƙe da littafi ke tashi.

Manhajar haɗa shafuka

Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, 'yan harkar na ce musu canel manaja. Beds24, Smoobu, Cloudbeds da Little Hotelier na cikinsu. Suna haɗuwa da manyan shafukan kai-tsaye, su rage adadin ɗakuna a ko'ina cikin ɗan lokaci kaɗan, su kuma daidaita farashi. Biya ake yi duk wata, galibi da kuɗin waje. Kafin ka shiga, tambayi ko suna haɗuwa da duk shafukan da kake kai, har na gida, sannan ka auna kuɗin da abin da intanet ke kawo maka bayan an cire kamasho. In mafi yawan baƙinka ta waya suke zuwa, rabo da uwar littafi sun ishe ka. In ka shiga, manhajar ce ta zama uwar littafi, kuma alkawarin waya dole a shigar da shi cikinta a take, in ba haka ba ka sayi tsada ka dawo gidan jiya.

Kwanakin cunkoso

Tun farkon shekara zauna ka yi wa kwanakin da gari ke cika alama. A Katsina akwai Sallah biyu da hawan Sallah da hawan Bariki, da bukukuwan aure da ke biyo bayansu, da yaye ɗalibai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam, da ranakun shiga da fita sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke hanyar Mani. A Daura akwai hawan Magajiya da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal.

Ƙaramar Sallah na da tata matsalar: ba a sanin ranarta sai an ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Azumi ya yi 29 ko ya cika 30, baƙi su matsa da kwana ɗaya, wanda zai fita ya ce zai ƙara, wanda zai shigo ya iso da wuri. A wannan makon muna barin dare ɗaya fanko tsakanin baƙo da baƙo a wasu ɗakunan, kuma muna gaya wa kowa tun wajen kamu cewa ƙarin kwana sai in akwai.

Akwai cunkoson da ba ya sallama. Tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka yi jana'izarsa a Daura ranar 15. Tsakanin Katsina da Daura tafiyar kimanin kilomita 80 ce, kuma filin jirgin a Katsina yake, don haka wayarmu ba ta huta ba tun daren da labari ya fito. Abu na farko da na yi shi ne rufe duk shafukan intanet na mako guda, na bar waya ɗaya da littafi ɗaya a hannun mutum ɗaya. A irin wannan rana jinkirin kalanda na awa ɗaya ma ya yi yawa.

Miƙa aiki, ƙarin kwana da sokewa

Sau biyu a rana, safe da bayan Magariba, mai sauka da mai karɓa su tsaya tare minti goma. Ɗaya ya karanta littafi, ɗaya ya duba shafuka, ɗaki-ɗaki, na yau da na kwana bakwai masu zuwa. Su sa hannu. Kafin mai rana ya tafi ya kwafe masu shigowa gobe da jibi a takarda, saboda in an ɗauke wuta ko sabis ya ɓace, na dare ya san ɗakin da ba nasa ba ne. Muddin ba sabis, ba a ba mai shigowa da ƙafa ɗakin da ke buɗe a intanet, sai daga cikin na gida.

Baƙon da ke ciki ya ce zai ƙara kwana, wannan sabon kamu ne, a bi masa duba da rufewa kamar kowa. Masu jinya a asibitin koyarwa su suka fi buƙatar wannan, don ba su san ranar sallama ba. Tambaye su kowace safiya cikin ladabi, ka kuma sa su tun farko a ɗakin da ba ya kan intanet. Wanda ya biyo ta shafi ya kira ka ya ce ya fasa, roƙe shi ya soke a shafin da kansa, kada ka sayar da ɗakin sai ka ga saƙon sokewar. Wanda bai zo ba kuma, shiga Extranet da wuri ka nuna bai zo ba, don lokacin yin hakan ƙayyadadde ne, in ya wuce za a caje ka kamashon kwanan da ba a yi ba.

In duk da haka ta faru

Tun yau nemi masaukai biyu ko uku kusa da kai, masu daraja irin taka ko sama, ku yi yarjejeniyar karɓar baƙin juna, ka ajiye lambar mai aikin darensu a wayar kanta. Da ka gano karo, ko saura mako guda ne, kira a take, kada ka zauna fatan ɗaya zai fasa. Wanda ya riga kamawa shi ke da ɗaki, wanda kuma ya riga ya kwanta ba a tashinsa. Ga wanda ya rasa, samo masa wuri kafin ka kira shi, don kiran ya zo da mafita a hannu. Cikon kuɗi da kuɗin mota naka ne.

In ta shafi ya zo, sanar da shafin, kada ka lallashi baƙo ya soke da kansa don ka tsira. Ƙa'idar Booking.com ita ce a sama wa baƙo wuri kwatankwacin naka ko wanda ya fi, kuma kuɗin da hakan ya ci kan dawo kanka. Airbnb na cin tarar mai masaukin da ya soke ba da uzuri karɓaɓɓe ba, ya kuma rufe masa waɗannan kwanakin. Ba baƙon wurin zama da ruwa tun kafin a fara bayani, kuma kai mai masauki ka zo da kanka, kada ka bar yaro shi kaɗai da kunyar da ba shi ya jawo ba. Da gari ya waye, buɗe shafin ƙarshe na uwar littafi ka rubuta kwanan wata, da lambar ɗakin, da ƙofofi biyun da suka yi karo, da wanda ke riƙe da littafi a lokacin, sannan ku karanta shi tare wajen miƙa aikin Magariba.